Gurbin Allura a Rigar Yaya

"Mijin yayarki ne."

Abin da Mama ta ce ke nan, ko ɗago kai ba ta yi ba daga kwanukan da take wankewa.

"Mama, ba a ɗaura ba fa," in ji Auta. "Ba su tsaya gaban Fasto ba, ba su sa wa juna zobe ba."

"An ɗaura a nan." Mama ta dafa ƙirjinta da jiƙaƙƙen hannu. "Mazan garin nan ƙarewa suka yi sai shi? Ga malamin waƙa, yaro mai natsuwa, kawunki ya ce har gida ya same shi da maganarki. Amma ke kin ƙyalla ido kan abin da ƙasa ta hana 'yar'uwarki. Ko kunya ba ki ji, Auta?"

Auta ta durƙusa a bakin famfo tana kuka. Kunya kam tana ji, har ta yi mata yawa. Amma so bai tambaye ta ba da zai shiga.

Su biyu ne kaɗai wurin Mama, Baba ya daɗe da rasuwa. Yaya ce ta fari, doguwa, siririya, mai dariyar da ake ji tun daga bakin titi. Ita Mama ke kira "Uwata," don sunan kakarsu aka sa mata. Ana sauran 'yan kwanaki bikinta da Kafinta zazzaɓi ya kwantar da ita, kafin a ce me ta tafi. Mutanen da aka gayyata biki su suka zo jana'iza.

Bayan an watse kowa ya koma harkarsa, ban da Kafinta. Yau ya zo gyaran ƙofa, gobe ya zo ɗaure ƙafar tebur, ya zauna su yi shiru shi da Auta, kowa da abin da ke cin ransa. Daga shiru aka koma hirar Yaya, daga hirar Yaya aka koma hirar da babu Yaya a ciki. Ranar da suka lura da haka dukansu sai da suka tsorata.

Da manyansa suka zo neman auren Auta, Mama ko ruwa ba ta ba su ba.

*

Kowace Asabar da yamma Auta ke zuwa majami'a ta goge farin yadin da ake shimfiɗawa a teburin jibin Ubangiji. Aikinta ne, kuma babu mai yi mata shisshigi, domin kowa ya san asalin yadin.

Rigar auren Yaya ce.

Auta tela ce, ita ta ɗinka ta da hannunta. Bayan jana'iza Mama ta rungumo rigar ta kai wa Baba Fasto, ta ce, "Tunda ba ta sa wa angon duniya ba, a shimfiɗa wa na sama." Aka ce Auta ta mai da ita abin shimfiɗa. Ta ɗauki almakashi, hannunta ya ƙi. Sai ta zauna ta warware ɗinkin zare bayan zare, ta jera ƙyallayen ta harhaɗa su, duk inda ya lanƙwasa ta naɗe shi ta ƙasa. Ko faɗin ɗan yatsa ɗaya ba ta yanke daga yadin ba.

Sai dai siliki ba ya manta allura. Inda ta taɓa shiga, gurbin na nan har abada. Mutane in sun zo sujada farin yadi kawai suke gani. Ita kuwa Auta, da zarar hasken taga ya kwanta a kansa, sai ta ga layin ƙugu, ta ga zagayen hammata, ta ga inda wuya ya sauka. Yaya take gani a kwance a kan teburin, kuma kullum sai tsigar jikinta ta tashi.

Tana cikin gugar ta ji ƙarar guduma a bayanta. Ba sai ta waiwaya ba.

"Wai benci nawa ne a majami'ar nan?" ta ce. "Kowace Asabar sai ka samo wanda ya karye."

"Laifin masu ƙiba ne, ba nawa ba," in ji Kafinta. Ya ajiye gudumar ya matso, amma bai hau kan dakalin da teburin yake ba. Bai taɓa yarda ya kusanci teburin nan ba. "Idonki ya kumbura. Mama ce?"

"Ta ce kai mijin Yaya ne."

Ya dube ta.

"Na so yayarki, Auta, ba zan yi miki ƙarya a ɗakin Allah ba. Na binne rabin raina tare da ita. Amma rabin da ya saura ke ya gani. In shekara goma Mama ke so in jira, zan jira."

"In kuma ba ta taɓa yarda ba fa?"

"Sai mu tsufa muna gyaran benci da guga."

Ta yi dariya, hawaye na zuba a kan dutsen gugar yana cuwwa. Ita dai ta riga ta yi wa kanta alkawari, ba za ta shiga gidan miji ba sai da albarkar Mama. 'Ya ɗaya ta rage wa tsohuwar nan a duniya, ba za ta zama ta biyun da za ta tafi ta bar ta ba.

*

Washegari Baba Fasto ya hau mumbari da sandarsa da tarinsa, ya yi wa'azi a kan amaryar Almasihu.

"Ikilisiya amarya ce," ya ce. "Ba ginin nan ba, mu ɗin nan. Ango ya biya abin da zai biya da jininsa, ya tafi shirya mata wuri, ya ce ta yi wanka ta sa fari ta jira shi. Kun ga jiran ya yi tsawo? Waɗansunmu sun kwanta barci suna jira. Kada ku ce sun rasa bikinsu. Ɗaga shi aka yi, ba fasawa aka yi ba. Ranar da ango zai zo, da mu da su, riga ɗaya za mu sa."

Aka amsa da amin. Auta na cikin mawaƙa, ta hango Mama a layin mata, bakinta na motsi, idonta kyam a kan teburin. Da aka tashi kowa ya fita gaishe-gaishe, Mama ta je ta tsaya ita kaɗai tana shafa yadin da bayan hannu, yadda ake shafa goshin mai zazzaɓi.

Da suka koma gida suka shiga ɗaki, ta cire ɗankwali, ta zauna a bakin gado, ta ce, "Ki gaya masa ya turo manyansa."

Auta ta yi tsaye kamar an dasa ta.

"Mama? Wa?"

"Kafinta mana. Na yarda."

Wayyo daɗi! Auta ta zube ta rungume ƙafafun uwarta, kuka take dariya take, ta rasa bakin godiya. Mama na shafa kanta a hankali.

"Kin ji abin da Fasto ya ce, ɗaga shi aka yi. To lokaci ya yi. Abu ɗaya nake so. Ki karɓo rigar ki mai da ita yadda take, ita za ki sa."

Auta ta saki ƙafafun Mama.

"Rigar Yaya? Mama, ai an ba Allah."

"Aro na ba shi. In babu rigar nan, babu bakina a auren." Ta ɗago haɓar Auta ta yi mata wani murmushi da rabon a gan shi tun kafin rasuwar. "Tashi ki share ido, Uwata."

Auta ta ji kalmar har cikin ƙashinta. Ta ce wa kanta suɓutar baki ce.

*

Baba Fasto bai so ba. Ya zauna a ɗan ofishinsa yana juya sanda, Auta na durƙushe.

"Dattawa za su ce abin da aka ɗora a teburin Ubangiji ba ya sauka," ya ce. "Ni ba yadin ne ya dame ni ba. Amaryar Ubangiji ba ta rasa sutura don an ɗauke ƙyalle. In zai share wa gwauruwa hawaye, ku ɗauka. Amma 'yata, wa'azin da na yi da wanda mahaifiyarki ta ji ba ɗaya ba ne. Kin tabbata kina so?"

"Baba, tun rasuwar sai jiya na ga ta cinye abincinta."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Ta sunkuyar da kai. Ya yi ajiyar zuciya ya miƙa mata makullin majami'ar.

Tana fitowa da yadin a naɗe a ƙirjinta ta ci karo da malamin waƙa a bakin ƙofa. Dama tun da labari ya kai masa yake cika yana batsewa, a wurin koyon waƙa ma tsawa yake ta yi wa masu ƙaramar murya ba gaira ba dalili.

"Ashe gaskiya ne," ya ce. "An tuɓe teburin Allah don a yi miki ado."

"Ba ni hanya, Malam."

"Zan ba ki. Amma ki ji wannan ki tafi da shi. Ni ban taɓa son yayarki ba. Ban san yadda take dariya ba, ban damu ba. Ranar da na dube ki, ke na gani, babu kowa a bayanki. Shi zai iya faɗin haka?"

Kishi ne ya sa shi faɗa, kowa ya sani. Amma maganar mai kishi ma tana da kaifi, kuma wannan ta shige ta. Ta raɓa shi ta wuce.

*

Ba ta gaya wa Kafinta sharaɗin ba. Ta bar shi da murnarsa, yana ta fafutukar haɗa gado da kujeru, yana zuwa da ƙurar katako a gashinsa yana ba ta labarin ɗakin da ya kama. Da ya ga teburin majami'a tsirara ran Lahadi ya tambaya, ta ce an kai wanki ne. Ƙaryar farko ke nan da ta taɓa yi masa.

A shagonta na ɗinki ta rufe labule ta baje yadin a kan teburin yanka. Nan ne ta ga inda matsalar take.

Duk tela ya san wannan. Silikin da aka taɓa ɗinkawa aka warware, in za a mai da shi, dole allura ta bi tsohon gurbinta. In ka matsa waje don ka ƙara faɗi, tsofaffin ramukan za su fito reras a gaban riga, kowa ya gani. Ana iya ragewa, ba a iya ƙarawa. Rigar nan awo ɗaya ta sani a duniya, awon Yaya.

Ita kuwa Auta gajeriya ce mai jiki, tun suna yara Yaya ke tsokanarta da 'yar dumurmur.

Ta ajiye keken ɗinki, don keke ba ya bin rami. Da hannu ta zauna tana ɗinki, tana laluben kowane gurbi da bakin allura. Kafaɗa ta dawo, hannu ya dawo, ƙugu ya dawo. Wani lokaci in iska ta ɗaga labule rigar ta motsa a jikin rataya, sai ta ji kamar an tsaya a bayanta ana jira ta gama. Ta daina waiwaye.

Da ta gwada, zif ɗin ya hau zuwa tsakiyar baya ya tsaya cak.

"Mama, ba ta shige ni ba," ta ce da ta koma gida. "Bari in sa mata wani ƙyalle a gefe, babu mai lura."

"Kada ki kuskura ki sa mata baƙon abu." Mama ta ja farantin da ke gaban Auta ta rage shi, ta mayar. "Za ta shiga. Da ma ciwon ne ya kumbura ki."

"Wane ciwo, Mama?"

Mama ta ci gaba da cin abincinta tana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi.

Daga ranar komai ya fara sauyawa a gidan, a hankali, yadda ba za ka iya nuna ranar da aka fara ba. Mama ta buɗe akwatin Yaya ta fito da takalmanta masu tsini, ta ce tsawon rigar sai da su. Ta zaunar da Auta ta yi mata irin kitson da Yaya ke so. Ta mai da ita gadon Yaya, wai ya fi iska. Gidan da ya shekara shiru ya cika da waƙa da ƙamshi, maƙwabta na cewa kai, Allah ya warkar da Mama. Kawu ma da ya zo da niyyar faɗa a kan malamin waƙa, ganin 'yar'uwarsa tana dariya sai ya haɗiye maganarsa ya tafi.

Auta kuwa ko ba a rage mata faranti ba, abinci ya daina wuce mata. Tana son ta ce a'a, sai ta dubi fuskar Mama ta fasa. Ta yaya za ka karɓe wa mutum abin da ya tashe shi daga kwance?

"Kin rame," in ji Kafinta wata rana a ƙofar gida.

"Zumuɗin aure ne," ta ce, ta kau da kai.

*

Ran nan da hantsi, kasuwa na ci, masu wucewa na ta hayaniya a titi, Auta ta ja labulen shago ta sake gwadawa. Ta miƙa hannu baya ta ja zif ɗin, tana jiran inda ya saba tsayawa.

Bai tsaya ba. Ya tafi sumul har ƙeya.

Ta hau takalman ta juya ga madubi. Wuyan nan dogo, ƙasusuwan kafaɗa, kitson, tsayin. Ta ɗaga hannu don ta tabbatar, ta madubin ma ta ɗaga, amma wallahi ba ta yarda da ita ba.

"Auta, zo ki ga irin fentin da..."

Kafinta ne ya ɗaga labule. Gwangwanin da ke hannunsa ya suɓuce ya fashe a ƙasa. Ya ja da baya har ya bugi keken ɗinki, fuskarsa ta yi fari fat kamar ya ga abin da ba a gani.

Maganar malamin waƙa ta dawo mata. Ta ƙura wa leɓɓansa ido tana jiran sunan da zai fito.

"Auta," ya ce da kyar. "Auta, me kika yi wa kanki?"

Kuka ya ƙwace mata. Ta gaya masa komai, sharaɗin Mama, da yadin teburin, da gurbin allura, da farantin da ake ragewa.

"Cire ta," ya ce.

"In na cire babu aure. Ta rantse."

"Cire ta, na ce!" Bai taɓa ɗaga mata murya ba sai yau. Sai kuma ya durƙushe a cikin fentin, ya rufe fuska da hannu. "Akwai abin da ba ki sani ba. Ranar da yayarki ta rasu aka ce a kira kafinta. Na ce babu wanda zai taɓa ta sai ni. Ni na sa mata igiyar awo, daga kai zuwa ƙafa, daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Ni na haɗa akwatin. Idona ba ya manta awo, Auta, sana'ata ce. Makonnin nan ina kallonki kina matsowa kusa da shi ina ƙaryata kaina. Yau kin kai."

"Don kai na yi," ta ce cikin shessheƙa. "Don mu."

"Ni ban nemi wannan ba. 'Yar gajeriyar nan nake so, mai tsiwa, mai ƙirga min benci. Na riga na kai mace ɗaya makabarta da wannan awon. Ba zan tsaya gaban Fasto in karɓi ta biyu ba. Ki zo min da tsumma, zan aure ki gobe. Amma da rigar nan, na rantse da Wanda ya yi ni, ba zan shiga majami'ar ba."

"To Mama fa? In kashe ta da hannuna?"

Zoben labule ya yi ƙara.

Mama ce, da farin mayafin amarya a ninke a hannunta. Ta dubi fentin da ya malale, ta dubi Kafinta, ta yi 'yar dariya.

"Kai, ɗana, rashin haƙuri! Ango ba ya ganin riga kafin ranar. Tashi ka fita."

Sannan ta juyo ga mai rigar. Idonta ya ciko. Ta taka a hankali, ta warware mayafin ta ɗora mata a ka, ta gyara gefe da gefe.

"Na san za ki tashi," ta ce a hankali. "Kowa ya ce in haƙura, na ce ɗagawa aka yi."

Auta ta kama hannuwan uwarta biyu ta riƙe gam. Ta yaye mayafin daga fuskarta, ta matso da ita kusa, kusa sosai, har suna jin numfashin juna.

"Mama, dube ni. Dube ni da kyau, don girman Allah. Wace ce ni? Kira sunana."

Mama ta dube ta. Ta daɗe tana dubanta, da ƙauna irin wadda Auta ta yi shekaru tana roƙon Allah ya sa a dube ta da ita ko sau ɗaya. Ta sa babban yatsa ta share mata hawaye.

"Ji shirme, yau kuma? Daina kuka kada ki ɓata rigar." Ta waiwaya tana leƙen bayan keke, tana leƙen bakin ƙofa. "Wai ina Auta ta shiga ne? Kullum ba a ganinta in ana nemanta. Ɗana, je ka kira min ita, ta zo ta ga yadda yayarta ta yi kyau."